Wat Nawa Ne Zai Ishi Kaka?

4 ga Maris

Tilo ta haihu! Namiji! Shekaranjiya da hantsi, kuma ita da shi duk suna numfashi.

To, yanzu bari in gaishe ka, tunda Innarka na tsaye a kaina tana cewa ba a fara takarda haka. Testa ɗana, ina gajiya? Yaya aikin ɗakin sanyi, yaya kifayen naku? Ina fata injinan ba sa ba ka wahala. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta hagu da ka sani ma ta manta da ciwo, don tun shekaranjiya sau biyar na taka asibiti na dawo ban ji ta ba.

Shekara goma sha ɗaya muna jiran wannan rana. Ka san 'yar'uwarka ita kaɗai Allah ya ba mu, ita ma kuma sai yanzu ya ba ta. Na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a shago sai in ga na miƙe, in na miƙe ban san inda za ni ba. Jiya na naɗa rabin koyil ɗin wata fanka a baibai, sai da na warware.

Yaron bakwaini ne, an sa shi a kwalba. Ta gilashi na gan shi. Duk tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsa ba, an manna masa 'yan wayoyi a ƙirji. Innarka ta ce sabon mijinta ya iso, in tattara komatsaina in ba su wuri. Na ce wanda bai kai nauyin babbar sifanata ba ne zai kore ni? Bari ya fito mu gwada ƙwanji.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Likita ya ce huhun yaron bai gama ƙwari ba, zai yi wajen mako biyar a kwalba. Mijin Tilo aikin hanya ya kai shi nesa, don haka in an sallame su nan za ta sauka, a ɗakinta na da, bayan shago. Amma likitan ya ce kada hayaƙin taba ya kusanci yaron. Ba a ɗaki ba, ba a riga ba, ba a gemu ba. Tilo ba ta iya gaya mini ba, uwarta ta gaya wa: in Baba bai bar sigari ba, gidan yayar mijinta za ta sauka. Ka san inda gidan yake? Can ƙarshen gari, mota biyu. In je in zauna a bakin kujerar mutane kamar mai karanta mita, a nuna mini jikana daga nesa, a ce mun gode.

Shekara arba'in da biyu ina sha, kwali guda a rana. Jiya na gwada bari kai tsaye. Kafin rana ta take tsaka na yi faɗa da mutum uku, ɗaya ma gaishe ni kawai ya yi.

Innarka ce ta tuna mini kai ka bar sigari da wannan tabar batir, mai tururi maimakon hayaƙi. Na je shagon da ke kusa da masu gyaran waya na gani. Wata kamar biro, wata kamar kwalin ashana, wata kuwa kamar rabin bulo, har da allo mai nuna lamba. Mai shagon ya ce da wat ake auna ƙarfinsu. Nan na ji an zo gidana. Akwai mai goma sha biyu, akwai mai arba'in, akwai mai tamanin. Ni a lissafina mutumin da ya shekara arba'in da biyu a kan taba ba ƙaramin lodi ba ne, ƙarfi yake so. Amma kai ka sani, ka gaya mini wadda zan saya.

Kada ka ce za ka kira ni. Ka san ƙarar inji ta cinye mini kunnuwa, a waya sai in ji kamar ana magana a cikin randa. Kuma tunda na zauna shekara uku a benci a ajin yamma da furfurata don in iya rubutu, ba zan bar shi ya yi tsatsa ba. Ka ba direban kifi amsa ranar da zai juyo.

Kawunka, mai naɗin inji, wanda ya zama kaka.

10 ga Maris

Kawu, Allah ya ƙara girma.

Barka, barka! Allah ya raya, ya fito da shi lafiya. Na karanta layinka na farko a tsaye a bakin ɗakin sanyi, na yi ihun da masu lodi suka ɗauka wuta ce ta ja ni. Ina gaida Inna, a ce mata ina taya ta murnar sabon miji. Ni lafiyata ƙalau, sai mura ta shiga da fita a sanyi. Ka bi gwiwar nan a hankali.

Cikin sauri nake rubutawa, direba ya riga ya tayar da mota yana mini hon.

Kada ka sayi babbar. Ƙarama za ka nema, wadda ba ta wuce wat goma sha biyu zuwa sha biyar ba, mai matsattsen baki, wadda in ka zuƙa za ka ji tana ɗan riƙe maka iska kamar karan sigari. A shekarunka da irin ƙirjinka, ƙaramar ce daidai da kai. Ruwan da ake zuba mata kuma ka ce a ba ka mai nikotin da ƙarfi, domin shi jikinka yake nema, tunda kwali guda kake sha. In ka zuba ruwan ka jira minti goma ya jiƙa audugar ciki kafin ka zuƙa.

Abu biyu kuma, don kada in yaudare ka. Ba magani ba ce, tsani ne kawai na sauka daga sigari, ni ma ina rage nawa ne a hankali. Kuma tururinta ma ba na kusa da jariri ba ne, a shago za ta zauna, ruwanta a kulle. Tunda kullum kana asibiti, ka tambayi likitan ko suna da wani taimakon na masu son bari.

Sauran bayani sai mako mai zuwa.

Ɗanka, Testa.

17 ga Maris

Testa,

Ina gajiya. Ina fata murar ta sake ka. Mu nan da sauƙi. Yaron ya ƙara nauyi kaɗan, an cire masa waya ɗaya daga cikin uku. Innarka ce ta gani, ba ni ba. Zan zo kan wannan.

Takardarka ta iso, na karanta. Akwai layin da na karanta sau shida: "A shekarunka da irin ƙirjinka, ƙaramar ce daidai da kai." Madalla. Yaron da na koya wa bambanta jar waya da baƙa, wanda muka sa wa suna Testa saboda ya wuni da abin gwajin wuta a bayan kunne bai san amfaninsa ba, yau shi ke auna mini ƙirji. Har yanzu ni kaɗai nake ɗaga inji mai ƙarfin doki biyu in ɗora a kan benci. Ka tambayi mai faci na kusa da ni.

Don haka na je na sayi mai tamanin. Mai shagon ma ya ce, "Baba, ba ka fara da ƙarama ba?" Na ce kai ma? Ruwan dai na bi maganarka, na ce a ba ni mafi ƙarfi.

Zan gaya maka gaskiya, don ban saba ɓoye aikin da ya ɓaci ba. Washegari da safe, bayan na sha shayi, lokacin da na saba kunna karan farko, na zuba ruwa na murɗa ta har tamanin. Ban jira mintinka goma ba, ina da aiki. Na zuƙa yadda na saba. Testa, ban san me ya faru ba. Sai na ji kamar an zura mini kan gas ɗin walda a maƙogwaro. Shagon ya cika da farin tururi har ban ga benci ba. Maƙwabcina tela ya fito da gudu da bokitin ruwa yana cewa, "Inji ya kama! Inji ya kama!" Mai faci na biye da shi da yashi a kwano. Ni kuwa ina zaune a kan gangar waya ina tari, ƙasa na juya mini, ga shaƙuwa, ga zufa. Da tela ya gane, sai ya ajiye bokitin ya ce, "Kaka, shan taba ka bari ko gasa kanka ka fara?" Har yanzu in na wuce sai ya ce a matsa, jirgin ƙasa zai wuce.

Ban karaya ba. Na ce sabo ne. Kwana uku ina fama da ita, ina zuƙa kaɗan-kaɗan. A rana ta uku sai ta fara ɗanɗanon ƙonannen tsumma. Ga tari ya kama ni, irin mai ƙarar nan. Abin haushi kuma, duk tururin nan bai kashe mini ƙishin sigari ba, don ba na iya riƙe zuƙa ɗaya ta kirki. Na koma kara shida a rana, jiya tara.

Ga wanda ya fi ci mini rai. Shekaranjiya na sa riga zan bi Innarka asibiti, sai ta ce, "Tilo ta ce kada ka zo tukuna." Na ce me ya sa? Ta ce ita dai haka aka ce mata. Tukuna har yaushe? Ba ta sani ba. Na cire rigar na rataye. Ka ga an fara ke nan. Tun yaro na cikin gilashi an hana ni, ina ga ya fito.

Saura kamar mako uku. Ka gaya mini abin da ya sa take ƙauri. Kada ka sake kawo mini zancen shekaru.

Kawunka.

27 ga Maris

Testa,

Lafiya kuwa? Kwana goma ke nan ba amsa. Sau biyu ina zuwa bakin kasuwar kifi ina tsayawa a cikin ƙarni, ba direba ba motarsa. Wani ya ce mota ce ta lalace, wani ya ce an canza masa hanya. Ni kuma zuciyata ta ce fushi ka yi da abin da na rubuta. In haka ne ka yi haƙuri, amma ba yanzu ne lokacin fushi ba. Wannan ta gidan waya na aiko ta.

Muna lafiya. Tarin ya ragu tunda na ajiye abar. Gwiwar ta dawo da ciwonta, tunda ba inda nake zuwa. An cire wa yaron sauran wayoyin, ya fara kama nono. An ce ranar goma sha biyu ga watan gobe za a sallame su in ya ci gaba haka. Kwana goma sha shida. Na rubuta a bangon shago da alli, kullum da safe ina goge lamba in sa wata.

Yayar mijin Tilo ta zo asibiti har sau biyu, ta ce wa Innarka ta riga ta share ɗaki ta sa sabon labule. Innarka ta dawo, ta ajiye mini abinci ta shige. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ni kuma na koma kwali guda cif, wata rana har da ɗori. Ina kunnawa ina jin haushin kaina, haushin kuma ya sa in kunna wani.

Da na ga ba ka amsa ba sai na ce, wai ni da na shekara arba'in ina naɗa koyil, ɗan wannan ne zai gagare ni? Na kwance ta a kan benci. Ashe abin ba komai ba ne: 'yar waya ce a naɗe, da auduga a tsakiya. Audugar ta ƙone ƙurmus, wayar ta yi baƙi. Na ƙirga zagayen, na auna kaurin. Na ɗauko siririyar wayar tagulla da nake naɗa ƙananan fankoki da ita, na yi mata naɗi mai kyau, wanda ya fi na kamfani tsabta, wallahi da ka gani sai ka yaba. Na sa sabuwar auduga daga kemis, na mayar.

Ta ƙi tashi. In na danna sai allon ya rubuta wasu haruffa ya ɗauke. Na duba haɗin sau uku, ba inda ya saki. Na lura dai jikinta yana ɗan ɗumi in na yi ta dannawa. Ni a ganina wannan ɗan allon ne mai gardama, irin na'urorin yanzu da suke ganin sun fi mai su wayo. Ina da injin famfo biyu da zan gama a makon nan. Da na sallame su zan tsallake allon, in haɗa batir da koyil kai tsaye, mu ga ƙarshen taurin kai.

Ka amsa, ko layi biyu ne.

Kawunka.

1 ga Afrilu

Kawu,

Ina fata wannan ta same ka da yatsunka goma. Ina gaida Inna, kuma na gode mata. Yanzu ka san ni ne na kira ta jiya na ce ta ɗauke abar daga kan bencinka ta cire batir ɗin. Ta ce ta kulle ta a akwatinta, ka wuni ba ka yi mata magana ba. Ni za ka yi wa fushin, ba ita ba. Lafiyata ƙalau, sai dai tun da na karanta takardarka gabana ke faɗuwa.

Ban yi fushi ba. Na amsa maka tun ranar goma sha tara. Motar direba ce ta karye a hanya, takardar tana cikin aljihun mota a garejin wani gari har yau. Jiya taka ta gidan waya ta iso.

Kawu, kai ka koya mini cewa muna naɗa inji da tagulla ne domin wuta na bi ta cikinta ba ta tsaya ta yi zafi ba. Wayar wannan abar kuwa irin ta hita ce, aikinta ta tare wuta ta yi zafi. Ka sa tagulla, ka haɗa gajeriyar hanya ke nan. Allon da ka ce yana gardama shi ya hana batir fashewa a hannunka. Da ka tsallake shi, a bakinka za ka riƙe ta. Ga kuma fentin da ke jikin wayar, wanda kai da kanka kake hana mu shaƙa in inji ya ƙone.

Maganar shekaru kuma, na yi kuskuren faɗa, sauri ne. Ba ƙarfinka nake aunawa ba. Ka tuna mai gidan benen nan da muka je sa wa injin rijiyar burtsatse, shekarata ta biyu a wurinka? Ka auna rijiyar ka ce rabin doki ne daidai da ita. Ya ce shi ba ya sa ƙaramin abu a gidansa, doki biyu yake so. Ka ce masa babban inji zai zuƙe ruwan kafin rijiya ta kawo wani, ya ja iska, ya ƙone. Ya ce ka sa. Kwana takwas muka koma muka ciro shi yana ƙauri. A hanya ka ce mini in riƙe wannan: rijiya ake tambaya, ba mai gida ba.

Audugar nan ita ce rijiyar. Wat tamanin ya busar da ita kafin ruwa ya sake jiƙa ta, shi ne ƙaurin da ka ji. Kuma babbar an yi ta ne don ruwa mai rauni da tururi mai yawa. Kai ka haɗa babban inji da ruwa mafi ƙarfi, shi ya sa ƙasa ta juya maka. Ƙaramar tana ba ka abin da jikinka ke nema a zuƙa ɗaya irin wadda ka saba, ba tare da ta ƙona ka ba.

Ga tawa nan a cikin ƙunshin, wadda na bari da ita, da sabon baki, da koyil uku na kamfani, da ruwa. Wat goma sha biyu ce, ba ta da abin murɗawa, don na san ka. Ka zuba, ka jira minti goma. Ka duba agogo, Kawu. In ta fara ƙauri ka canza koyil, kada ka naɗa.

Na kuma kira Tilo. Ba korarka ta yi ba. Dokar ɗakin jarirai ce, duk mai tari ba ya shiga, kuma ta ji tarinka daga bayan uwarta a waya. Ta ɗauka Inna ta yi maka bayani, Inna ta ɗauka ka sani. Ta ce kullum sai ta tambaya ko ka ci abinci. Ta ce kuma ba ta ba yayar mijinta amsa ba tukuna.

Ɗanka, Testa.

9 ga Afrilu

Testa ɗana,

Ina gajiya, ina aiki. Muna lafiya, tarin ya tafi. Na je asibiti sau uku, yaron ya buɗe ido ya dube ni ta gilashi, kallon raini, irin na wanda ya san ya ƙwace wa mutum mata.

Yau kwana shida ban kunna ba. Na rubuta wannan ma a bango, kusa da ɗaya lambar. Ɗaya na hawa, ɗaya na sauka. Saura uku.

Abar taka ba ta da kwarjini ko kaɗan. Tela ya ce ya ɗauka abin goge kuskuren biro ne. Amma na jira minti goma, da agogo, na zuƙa, na ji abin ya sauka inda ya kamata. Ba daɗin sigari ba ne, kada in yi maka ƙarya. Hannuna har yanzu yana zuwa aljihun riga da kansa. Bayan shayin safe ne ya fi tsanani, sai in fita in zagaya layinmu sau biyu in dawo. Na tambayi likitan kamar yadda ka ce, ya rubuta mini ranar da zan koma a duba ƙirjina.

Maganar mai gidan bene, na karanta. Na dai tashi na share shago.

Mun wanke labule, mun wanke shimfiɗu, na yi wa ɗakin Tilo fenti. Innarka ta bi gidan da hanci kamar mai neman mushen ɓera, ta tsaya a kan kujerata ta falo, wadda na shekara talatin ina zama a kai. Ta ce ita ce mai warin taba. Mun wanke ta sau biyu, ta bushe, warin ya dawo. Jiya ni da mai faci muka fitar da ita. Yanzu a kan benci nake zama a gidana kamar baƙo.

Tilo har yau ba ta ce nan ko can ba. Ba na iya cin abinci sosai. Ka yi mana addu'a.

Kawunka.

17 ga Afrilu

Na ɗauke shi! Da hannuwana biyu, jiya da safe, kuma bai yi kuka ba!

Testa, ina gajiya, yaya sanyi, yaya kifi, kowa lafiya, mu ma lafiya. Bari in ba ka labari daga farko, don saura kaɗan in ɓata komai.

Ana gobe za a sallame su, ina neman wata 'yar sukurdireba a ƙasan akwatin kayan aiki, sai ga karan sigari ɗaya a bayan gangar waya, ya lanƙwashe, ya yi ƙura. Ban yi tunani ba. Kafin in farga na sha rabi. Na taka sauran da ƙafa, na zauna ina kallon lambar bango. Kwana takwas na goge da hannuna na rubuta sifili. Ba wanda ya gani. Na yi wanka, na canza riga, na wanke baki har sau uku.

Washegari motar haya ta tsaya a ƙofar gida. Nan ta zo, Testa, ba can ba. Tilo ta fito da yaron a cikin tawul, ta rame, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta shiga falo ta ja numfashi, ta dubi inda kujerata take da, ta dube ni. Ta ce, "Baba, ina kujerarka?" Na ce ta yi ritaya. Ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa, ta miƙo mini shi.

Na mayar da hannuwana baya. Na ce, "Tilo, jiya na sha rabin kara."

Innarka ta ce, "Kai kuwa wa ya tambaye ka?" Tilo ta janye yaron zuwa ƙirjinta. Direban tasi na waje bai sauke jaka ta biyu ba, ni kuwa ina jin bugun zuciyata a kunnen da ba ya jin komai. Can Tilo ta ce, "Rabi?" Na ce rabi. Ta ce, "Akwai saura a shagon?" Na ce ki sa uwarki ta duba. Ta leƙa waje ta ce wa direban ya shigo da jakar. Sannan ta ce, "Baba, daga bakin ƙofa za ka riƙa ganinsa, sai ka cika kwana biyar. Ni zan ƙirga, ba bangonka ba."

Ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo irin waɗannan ba. Ina shago ina jin motsinsu ta bango, ko in ce ina ganin kamar ina ji. Sau goma a rana nake zuwa bakin ƙofar in tsaya, Innarka na ciki tana rawa da shi tana cewa, "Maigida, ga tsohon nan ya sake zuwa leƙe, a kore shi?" Tela ya ce in sa kujera a wurin in riƙa karɓar takalman baƙi.

Jiya kwana biyar suka cika. Ga dokar gidan yanzu: abar tana zama a shago cikin akwati mai kwaɗo, ita da ruwanta. In zan shigo sai na cire rigar aiki, na wanke hannu da fuska da gemu, na sa rigar da ke rataye a bayan ƙofa. Na yi duka. Tilo ta kama hannuna ta shinshina, ta shinshina gemuna kamar mai sayen turare, ta ce in zauna a kan benci. Ta ɗora mini shi.

Ba shi da nauyi, Testa. Na riƙe injina masu tsada ban ji tsoro irin wannan ba. Ƙirjinsa na hawa yana sauka a kan tafina, a hankali, daidai, ba tangarɗa. Sai ya laluba ya kama yatsana, wannan na dama da taba ta rina shekara da shekaru, ya riƙe gam ya ƙi saki. Na ce wa Innarka, ki gaya wa mijinki ya sake ni, ina da aiki. Ta ce ai ba inda za ka. Haka ne kuwa, fankar tela ta kwana ban taɓa ta ba.

Ban ce na gama ba. Yau kwana shida ne kacal a sabon lissafi, kuma hannuna bai daina zuwa aljihu ba. In ka zo za ka nuna mini yadda kake rage ƙarfin ruwan, don ba na so yaron nan ya fara tafiya ya same ni da wani abu a baki. Mai tamanin ɗin tana akwatin Innarka, ka zo ka ɗauke ta ka san yadda za ka yi da batir ɗin.

Ka nemi hutu ka biyo motar kifi, ko a bayan ƙanƙara ne. Ka gaya wa uwarka ta taho, ta zo da yaranta duka, akwai benci. Ka gaya wa direban kifin ya shigo shi ma, na yafe masa, ya dai wanke hannu. Tela da mai faci sun riga sun yi layi. Duk mai tari ya tsaya a gida ya warke, sauran kuwa ku zo. Ku zo ku ga wanda ya raba ni da kujerata, ku zo da safe yana farke, ku gan shi a hannuna.

Kawunka, kakan Maigida.